BASHI: NAWA ZA KA KARƁA, NAWA ZA KA BIYA?

Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Tozai, ƙaramar hukumar Isa

 

Yau maganar bashi ce ta kawo ni. Damina ta kusa, kuma da yawanku za ku nemi rancen sayen taki da iri. Mai ba da rance zai ce muku kuɗin ruwansa kashi 10 cikin 100 ne kawai. To, ku ɗauko alli mu yi lissafi.

A ce Malam ya nemi naira 100,000. Kafin a ba shi, an cire 5,000, wai kuɗin takarda da na inshora. Abin da ya shiga aljihunsa 95,000 ke nan. Amma ranar biya, a kan 100,000 za a yi lissafi. Zai biya 110,000. An riga an ci masa 15,000. Ya kuma yi ta zirga-zirga zuwa banki, shi da wanda zai tsaya masa. A ce kuɗin mota da abinci sun ci 6,000. Jimla 21,000. Wannan ya haura kashi 22 cikin 100 na abin da ya karɓa. Ina kashi 10 ɗin nan?

Sai kuma lokaci. Ku tambaya: a wata ne, ko a shekara? Kashi 5 a wata, kashi 60 ne a shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar biya. In ta faɗo da kaka, dole ka kai gero kasuwar Shinkafi ko ta Sabon Birni lokacin da kowa ke kai nasa, farashi a ƙasa. Buhun da ka sayar da araha, shi za ka sake saye da tsada kafin wata damina. Babu takardar da ke rubuta wannan asara. Haka ma wanda ya jinginar da gonarsa: duk amfanin da wani ya kwashe, daga rumbunsa ya fita.

Ko rancen gwamnati a duba shi. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya ba manoma iri da taki a kan kashi 9 cikin 100. Amma manomi yana bukatar sanin nawa aka rubuta masa kuɗin kowane buhun taki. Bankin da ba ya karɓar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, shi ma yana ɗora ribarsa a kan kayan da ya sayo maka. A tambayi jimla.

Yanzu kun iya karatu. Kada ku dangwala yatsa sai kun ga lambobi biyu a rubuce: abin da za a ba ku a hannu, da abin da za ku biya gaba ɗaya, da ranarsa. Wanda ke da takardar rance a gida ya kawo ta aji ran Asabar, mu karanta tare.