Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya: Ajiyar Gida da Karatun Ƴaƴa

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan Yelu, jihar Dosso

 

Akan ce lakwal ɗin gwamnati kyauta ce, ɗan attajiri da ɗan talaka benci ɗaya suke zama. Haka ne ranar shiga. Amma duk wanda ya ƙidaya yaran da suka fara aji ɗaya tare, sa'an nan ya nemi waɗanda suka kai birbe ko bak, zai tarar galibinsu daga gidajen da ke da ajiya suka fito: rumbu cike, shanu, gonar rake a fadama, ko kanti a Gaya.

Dalili a fili yake. Albashi da ribar yini ciyar da gida suke yi, ajiya kuwa ita ke riƙe yaro a aji ranar da al'amari ya ɓaci. Ɗan ƙauye da ya ci jarrabawa ya tafi Gaya ko Dosso yana bukatar mai masauki, da hatsi, da littattafai, da kuɗin mota. In damina ta ƙi, mai garke ya sayar da maraƙi, karatu ya ci gaba. Maras shi sai ya kira ɗansa ya tafi cin rani, ɗiya kuma a yi mata aure.

In ba a manta ba, a 1990 bankin BDRN ya rushe. Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan karatun da ake shigowa da su suka yi tsada, ma'aikata kuma suna bin gwamnati albashin watanni. Haka da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, da kuma lokacin da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, fatauci ya tsaya. A kowane karo, ɗan maras ajiya ne karatunsa ke fara shiga haɗari.

Wannan ba ciwon Nijar kaɗai ba ne. A Amurka, kotun ƙoli ta haramta raba makarantun baƙaƙe da farare tun 1954, amma ƙididdigar babban bankin ƙasar ta 2022 ta nuna matsakaicin gidan farar fata ya mallaki dalar Amurka 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900. Masani Dalton Conley ya nuna a 1999 cewa in aka gwada gidaje masu dukiya daidai, ratar karatu tsakanin ƴaƴansu takan ragu ƙwarai. Wato laifin ba na fata ba ne, na tarihin da ya hana kakanni tara abin gado ne.

Nijar ma tana da nata tarihin. Faransa ta riƙe baƙar fata ƙarƙashin dokar talakawan mallaka har 1946, kuma lokacin samun mulkin kai a 1960 yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sai a 2003 aka mai da bauta laifi a dokar ƙasa, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati. Wanda kakansa bai mallaki gona ba, me zai sayar ya biya wa ɗansa karatu?

To, ina mafita? Mata sun riga sun nuna hanya: a 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, da ɗan zubi na mako-mako, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Ƴan kasuwa su ware wani kaso na adashe don karatu kaɗai, a kwashe shi gab da buɗe lakwal. Ma'aikacin da ke zaune a birni ya karɓi ɗan ƙauye ɗaya a gidansa. Duk mai neman shugabanci kuma da ya zo Yelu, a tambaye shi abu uku: abincin rana a lakwal, gidan kwanan ɗalibai mata, da biyan alawus ɗin ɗalibai kan lokaci.

Ƙwaƙwalwa Allah ke rabawa, bai kuwa duba rumbun kowa ba. Allah ya ba da ikon gyarawa.