A Fito da Littafin Daga Ƙasan Akwati

  

Tambaya nake da ita, amma kada kowa ya ɗaga hannu, kowa ya amsa a ransa. Ina Littafi Mai Tsarki na gidanka yake a daren nan? Na san amsar da yawa daga cikinmu. Yana ƙasan akwati tare da zanen biki da katin baftisma. Ran Lahadi a kakkaɓe ƙura, a saƙala shi a hammata, a je sujada, a dawo a mayar. Wasu kuma ƙarƙashin matashin kai suke sa shi don maganin mugun mafarki. 'Yan'uwa, wannan littafi ba laya ba ne. Laya ake ɗinkewa a cikin fata, shi kuwa buɗe shi ake yi.

Ku tuna ba da sauƙi ya zo bakinmu ba. Dokta Miller da ya zauna a Zariya, shi da abokan aikinsa, sun yi shekara da shekaru suna auna kalma ɗaya-ɗaya kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Iyayenmu da yawa saboda shi suka shiga ajin karatu da gemunsu, suna bin baƙi da yatsa a hasken aci-bal-bal. Mu da muke da fitila mai aiki da hasken rana da waya a aljihu, mu ne muka ce ba lokaci.

To, ban zo faɗa ba. Na san abin da ke kashe wa mutum gwiwa, don ni ma ya same ni. Ina saurayi na ɗauki alkawari zan karance shi daga farko har ƙarshe. Farawa ta yi daɗi, Fitowa ma haka. Da na isa Littafin Firistoci, ga dokokin hadaya iri-iri, sai barci ya yi ta sace ni, na rufe, ban sake buɗewa ba sai bayan shekara. Littattafai 66 ne a ciki, sura 1,189. Wa ya taɓa nome gona a wuni ɗaya? Kunya-kunya ake bi.

Ku fara da Markus. Sura 16 ce kawai, labari ne mai tafiya da sauri. Sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, kafin mako uku kun gama. Daga nan ku je wurin Rut, sura huɗu. Iyayenmu mata, wannan taku ce. Gwauruwa ce baƙuwa, ta bi surukarta zuwa garin da ba ta san kowa ba, ta shiga gonar Bo'aza tana kala a bayan masu girbi. Wace ce a nan ba ta san kala ba? Wace ce ba ta san zaman surukuta ba? Sai ku koma Farawa ku ji yadda aka yi da Yusufu. Uba ya fifita ɗan mowa, ya ɗinka masa riga ta musamman, 'yan uba suka jefa shi a rijiya. Wannan ba sai an yi mana fassara ba, a zauren dagaci muna jin irinsa kowace shekara. Mutanen cikin littafin nan manoma ne da makiyaya, sun san fari, sun san fara, sun san rigimar rijiya. Da zarar ka gane danginka ne, ba za ka so rufe shi ba.

Na ji Baba a can baya yana cewa shi bai yi boko ba. Baba, ka yi haƙuri, wannan ba hujja ba ce. A Nehemiya sura 8, Ezra ne ya tsaya yana karantawa tun safe har tsakar rana, jama'a suna saurare, Lawiyawa suna bayyana musu ma'ana. Yawancinsu da kunne suka karɓa. Jikarka da kake biya wa kuɗin makaranta, a ba ta littafin ta karanta da ƙarfi, kai kuma ka yi mata bayanin da shekarunka suka koya maka. Ita karatunta ya gyaru, kai ka ji Maganar Allah. Matasa kuma, akwai shi da murya a Hausa, ana sa shi a waya. Ku sa wa tsofaffi su ji suna ɓarar gyaɗa.

Inda ba ku gane ba, kada ku ji kunya. Babban ma'ajin sarauniyar Habasha ma sai da Filibus ya hau karusarsa ya buɗe masa Ishaya. Ku naɗe gefen shafin, ku kawo tambayar.

Ran Laraba bayan addu'ar yamma za mu zauna a gindin mangwaron nan, mu fara Markus sura ta ɗaya. Wanda yake da littafi ya zo da shi. Wanda ba shi da shi ya zo da tabarmarsa, ya zauna kusa da mai shi.