Idan an kira ka ganawar neman aiki ta waya, me za ka ce?



Makon jiya wani saurayi ya aiko mana saƙon murya. Wata ƙungiya mai aikin lafiyar dabbobi ta karɓi takardarsa, an ce za a yi masa intabiyu ta WhatsApp, ta bidiyo. Damuwarsa ita ce bai taɓa aikin ofis ba, tun yana yaro bayan shanu yake, to me zai faɗa musu? Ɗan'uwa, da kai nake yau, da duk wanda ke cikin halinka, mace ko namiji.

Tun lokacin korona a 2020 ganawa ta waya ta zama ruwan dare. Mai ɗaukar aiki yana Yamai ko Abuja, kai kana ruga, ba sai ka biya kuɗin mota ba. Kuma ayyukan da suka shafi kiwo ba su da kaɗan. Akwai PRAPS, shirin da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a 2015 a ƙasashen Sahel shida, ciki har da Nijar da Chadi, ga kuma ƙungiyoyin agaji. Irin wannan aiki ba ya tafiya sai da masu allurar rigakafi, da tafinta, da masu ƙidaya, mutanen da suka san daji. Wato kai.

Matsalar ita ce tarbiyyarmu. An koya mana kunya, Bafulatani ma da fulako ya tashi. Ba ka yabon kanka, ba ka kallon babba cikin ido. Abu ne mai kyau a gida. Amma wanda ke cikin wayar yana da mutum goma bayanka, kuma abin da ka faɗa kaɗai zai rubuta. In ka sunkuyar da kai ka ce "kiwo kawai nake yi", ka gama da kanka.

Tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: faɗa mana ko kai wane ne. A nan ni kaina na faɗi, wallahi. Da na gama karatun jarida, aka kira ni ganawa ta bidiyo, sai na ɗauko labari tun daga garin da kakana ya fito. Ban kai ga takardata ba layi ya yanke. Da ya dawo sun wuce tambaya ta gaba, kuma ban sake jin ɗuriyarsu ba. Ba asalinka ake tambaya ba. Minti ɗaya ya isa: sunanka, inda kake zaune, harsunan da kake ji, aikin da ka iya. In kana jin Hausa da Fulatanci da ɗan Faransanci, faɗe su tun farko, domin wani lokaci saboda su kaɗai ake nemanka.

Sai a ce maka wace ƙwarewa gare ka. To, zauna tun yau ka ƙirga. Shanu nawa ka taɓa korawa kai kaɗai? Shekara nawa kana tafiya kudu da rani kana dawowa da damina? Kana gane ciwon huhu daga tari da numfashi? Kana bambanta boru da sammore? Ka taɓa riƙe dabbobi ranar rigakafi, ko ka tara wa likitan dabbobi jama'a? Wannan duk ƙwarewa ce, sai dai ba a rubuce take ba. Ke ma da kike sarin kaya a Jibiya kina kaiwa Maraɗi, kina lissafi da naira da sefa lokaci guda, kin san takardun duwan, kin riƙe bashin mutum talatin ba ki ɓata ba, kada ki ce "'yar sana'a ce kawai". Faɗi shekaru, faɗi adadi. Amma fa kada a ƙara gishiri. Cikin masu tambayar ana iya samun likitan dabbobi, tambaya ɗaya zai yi ya gane.

Akwai wadda suke so ƙwarai: ba mu labarin wata rigima da ka taɓa shiga, yaya ka yi? Kada ka ce ba ka taɓa rigima ba, babu mai yarda. Zaɓi guda ɗaya ta gaskiya. Misali, shanu sun yi ɓarna a gonar da ta ci burtali. Faɗi abin da ya faru, abin da kai ka yi da kanka, ko ka kira arɗo da maigari ne, ko an je gaban hukumar filaye da ake kira Kofo a Nijar, sannan yadda aka ƙare. Kada ka zagi manomi, kada ka zagi wata ƙabila. Abin da suke aunawa shi ne ko za su iya tura ka ƙauyen da ba naku ba.

In an tambayi rauninka, faɗi na gaskiya da abin da kake yi a kai: rubutun Faransancina bai yi ƙarfi ba, amma ina zuwa karatun dare. Shi ke nan, wuce.

Batun albashi kuwa, mu 'yan iyaka sai mun kula. Tambayi da wane kuɗi za a biya, tunda sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa hawa da sauka take. Kuma mu nan da dala muke ƙirga, dala ɗaya faran 5, jika ɗaya faran 1,000. In ka ce "dubu ashirin" kana nufin dala, wato faran 100,000, shi kuma ya rubuta 20,000, ka ga an yi ɓatan kai. Faɗi adadin yadda ake rubuta shi.

Duk waɗannan amsoshi, kada ka haddace su kamar karatun allo. Ba ƙaninka wayar ya yi ta tambayarka, sau uku, sau huɗu, har bakinka ya saba.

Ranar kuma, ka san halin layi a bakin iyaka, yanzu ka ga waya ta kama na ƙetare. Je wurin da za ka zauna kwana ɗaya kafin nan ka gwada. Cika caji, sayi data da ɗan rara, jingina wayar kada ta yi ta rawa a hannu, haske ya kasance a gabanka. Kalli idon kyamara, ba hotonka ba. Ka tabbatar da lokaci: Nijar, Najeriya, Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya, amma ƙarfe 10 a Dakar ko Wagadugu ƙarfe 11 ne a nan. In layi ya yanke, tura saƙo nan take ka ce kana jira.

Wanda kuma ya ce ka turo kuɗin rajista kafin a yi maka ganawa, kada ka tura ko dala. Mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya karɓar kuɗin mai nema.

Ɗan'uwa mai saƙo, Allah Ya ba da sa'a. In an gama, ka aiko mana mu ji yadda aka kwashe.