Kashi na yau: memori kad ɗinka ne mai laifi, ko wayar?

 Yau daga Warra nake magana, don haka in kun ji ƙarar injin jirgin ruwa a baya, ku yi haƙuri.

Satin da ya wuce na ɗauki muryar taron matasa na awa biyu a sabon memori kad da na saya a kasuwa. Da na zo kwafewa a kwamfuta, abu ya ƙi tafiya. Wa zan zarga?

To ga yadda abin yake. Duk lokacin da ka adana hoto ko waƙa, manhajar ba ta taɓa katin da kanta. Buƙata take aikawa zuwa kanel, wato zuciyar tsarin. Wayoyinmu na Android kanel ɗin Linux suke amfani da shi. Kanel ya jera buƙatun a layi, ya haɗe waɗanda suke maƙwabtaka, sannan ya miƙa wa direba, ƙaramar manhajar da ta san yaren katin.

Wani injiniya mai suna Jens Axboe ya rubuta blktrace, ya shiga Linux a 2006. Aikinsa rubuta lokaci a kan kowace buƙata: Q idan ta shiga layi, D idan aka miƙa ta ga direba, C idan aka ce an gama. In jinkirin tsakanin Q da D yake, cunkoso ne a cikin tsarin. In tsakanin D da C ne, ka dubi katin. Nawa D zuwa C ne ya yi tsawo, wallahi har na ji haushin kaina.

Mu 'yan nan mun san darajar irin wannan rajista. A Mayun 2021 da jirgin da ke zuwa Warra ya kife, kwana da kwanaki ana ta saɓani kan yawan mutanen da suka hau. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kanel kuwa ba ya barin buƙata ta hau ba a rubuta ta ba.

Amma ku saurara, nan ne gizo ke saƙa. Harafin C maganar katin ce kawai. Katin jabu yakan ce yana ɗaukar giga 64 alhali cikinsa bai kai ba. Ya karɓi kaya, ya ce "na gama", ya danne tsohon fayil ko ya zubar da sabon. Rajistar za ta fito tsaf, bidiyon bikinka kuma ya tafi.

Don haka kafin ka zuba abu mai muhimmanci, ka gwada katin da H2testw a Windows ko f3 a Linux. Su cika shi suke yi, su sake karantawa, su kwatanta. Nawa na gwada daren jiya, ya faɗi. Gobe zan mayar wa mai shagon, sai mun haɗu a kashi na gaba ku ji yadda muka kwashe.