Almakashi Ma Yana Buƙatar Alƙalami
(Laccar da aka gabatar a unguwar Zariya, Maraɗi)

  Lokacin kaɗan ne, bari in shiga magana.

Na daɗe ina sa-in-sa da wasu abokan aikina da jami'an da ke rarraba ɗalibai, a kan abu guda: sun mai da ɗinki juji. Yaron da ya faɗi jarrabawa, ko yarinyar da ake jiran mijinta ya fito, su ake turawa cibiyar koyon sana'a. Wanda kansa ke ja kuwa sai a ce ya fi ƙarfin allura. Wannan rainin hasara yake jawo mana, kuma hasarar tana da adadi.

A watan Oktoba na 2023, a Legas, hukumar UNESCO ta fitar da rahoto kan sana'ar tufafi da ado a Afirka. Ƙasashe 37 cikin 54 na nahiyar suna noma auduga. A shekara Afirka tana sayar wa waje kayan saƙa na dalar Amurka miliyar 15.5, amma yadi da tufafi da takalman da take sayowa sun kai miliyar 23.1. Ku cire wannan daga wancan: miliyar 7.6 ke fita kowace shekara. Rahoton ya ce kashi 90 cikin 100 na masu wannan harka ƙananan masu sana'a ne, wato irin shagunan da kuka wuce kafin ku shigo zauren nan, kuma ya sa ƙarancin horo cikin abubuwan da suka daƙushe su.

Ku riƙe 7.6 ɗin nan. Ba audugar muka rasa ba, ba hannu muka rasa ba. Kuɗin yana tafiya ne wurin wanda ya san yadda ake mai da auduga zare mai kyau, wanda ya iya fidda sabon fasali, wanda zai yanka riga ɗari a kan awo ɗaya su fito kamar an tsaga kara. Wannan duka a aji ake koyonsa. Kasonmu na giɓin kuwa kuna ganinsa da ido: motocin da ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya su dawo da kayan Kantin Kwari, shadda mai tsada daga Ostiriya, mai araha daga Sin, ga dilolin gwanjo. Fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani, mu ke fid da ita da arha, wasu su ƙera jaka su sa sunansu.

Ga abin da nake gani a unguwar nan kowane azumi. Yaro ya zo daga Tibiri ko Jiratawa, uban ya damƙa shi hannun maigida. Shekara ta farko shara, guga, dafa shayi. Ta biyu sa maɓalli da kalmasa. Almakashi kuwa maigida ba ya sakinsa, don ranar da yaro ya iya yanka, ranar zai buɗe nasa shagon. Awon mai kaya ana rubuta shi da alli a bakin yadin, ko a ɗan ƙyalle a ɗaure. Na tsaya kan wani tela gwani, wanda wuyan kaftaninsa ba ya da na biyu, aka kawo masa kwangilar kayan ƴan makaranta. Ɗaya bayan ɗaya ya auna yaran, ɗaya bayan ɗaya ya yanka, don ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake zana fasali a takarda, a ƙara shi, a rage shi. Da muka zauna muka lissafa zare, wuta, haya da abincin yara, sai ga shi kyauta ya yi aikin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba laifinsa ba ne.

Za a ce kakanninmu sun yi aska takwas ba su shiga lakol ba. Gaskiya ne, amma ba su yi gasa da masana'antun Sin ba. Za a kuma tuna mini tarzomar Nuwamban 2000 kan bikin nuna tufafi na FIMA. Ban zo kiran kowa ya yi tsiraici ba. Hijabi da babbar riga ma sai da awo suke zama a jiki. Alphadi, da ya kafa bikin a 1998 a hamadar Agadas, sai da ya zauna a aji a Paris kafin duniya ta san shi.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A buɗe sashen fasalin tufafi da aikin fata a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a karɓi ɗalibai masu maki, ba ragowa ba. Kuɗin asusun horar da sana'a na FAFPA a daina ƙarar da shi wajen rabon kekunan ɗinki a gaban kyamara. A biya malaman yanka da na lissafin farashi, su koyar da masu shaguna da dare. Kuma duk yaron da aka kai shago a rubuta yarjejeniya, a sa watan da za a ba shi almakashi.