TSOFAFFIN FINA-FINAI DA GWANINTAR 'YAN WASANSU: JAWABI A TARON ƘUNGIYA



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, Allah Ya gafarta muku, abokan sana'a na Kasuwar Shanu, 'yan'uwa mazauna Hausari da Gamboru da Gwange da sauran unguwannin Maiduguri, ina gaishe ku da gaisuwar Musulunci. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya.

An ce in yi magana kan tsofaffin fina-finai da yadda 'yan wasansu ke wasa. Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da shanu da fim? To, jama'a, sana'armu kaf ɗinta sana'ar duba ce. Wanda bai san kasuwa ba, ƙaho yake kallo da kyan fata. Wanda ya sani kuwa, sai ya buɗe baki ya ga haƙori, ya sa a kora masa sa ya ga tafiyarsa, ya shafa tozo da gadon baya. Saniyar Kuri ta bakin Tafkin Chadi ta fi kowace ƙaho, amma ba ƙahon ake dafawa ba. Haka shi ma ɗan wasa. Kyan fuska da tsadar shadda ƙaho ne kawai. Da wannan ido zan yi maganata. Batun hukuncin kallo kuwa, na malamai ne, ga su nan zaune. Ni ra'ayi zan faɗa, wanda ya ga ba haka ba, fili a buɗe yake.

Abu uku nake dubawa ga ɗan wasa. Na farko, bakinsa: shin maganar da yake yi ta mutumin da yake kwaikwayo ce, ko tasa ce ta gida? Na biyu, jikinsa: zamansa da tashinsa da inda yake ajiye ido. Na uku, wanda ya fi wuya, shirunsa: me fuskarsa ke yi sa'ad da wani ke magana?

Bari mu fara da na gida. Kafin bidiyo akwai majigi, wanda ake kafawa a filin gari da dare. Iyayenmu har suka tsufa suna zancen Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koya wa manoma noman auduga tun zamanin Turawa. Sai kuma Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Ku da kuka zauna gaban malami a zaure, ku dubi wannan fim. Malamin ba ya gaggawar magana, ba ya ɗaga murya, almajirai na kewaye da shi, ladabin nan da muka sani yana nan. Labari ne na bauta da rabuwar uwa da ɗa, amma ba a cika mana kunne da ihu ba. Baƙin cikin a tafiya yake da kallo. A ganina wannan shi ne ma'auni.

Daga nan sai 'yan wasan rediyo da talabijin, waɗanda mu muka tashi da su a shekarun 1980. Ga Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Ku lura, shi mutumin Pategi ne ta ƙasar Nufawa, kuma ya yi aikin soja na gaske kafin ya riƙa kwaikwayon soja. Shi ya sa tsayuwarsa da tsawarsa da Hausar bariki da yake cakuɗawa da Turanci ba aro ya yi ba, abin da ya rayu a ciki ne. Ga Ƙasimu Yero na Karambana, mutumin Zariya, wanda ya rasu a 2017. Shi wannan bawan Allah, ko bai ce uffan ba, ɗaga girarsa kaɗai ta isa ta gaya maka zai tsoma baki a abin da babu ruwansa. Kuma shi ɗin dai ya fito a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn, ya zama wani mutum daban. Ga Daudu Galadanci, alƙalin Kuliya Manta Sabo a Kano, wanda in ya zauna kan shari'a sai ka rantse daga kotu aka ɗauko shi. Ga Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, mai Kulɓa Na Ɓarna. Ga Karkuzu a Jos. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mene ne sirrinsu? Ni dai na ga abu biyu. Da yawansu ta rediyo da dandali suka bi. Mai wasa a rediyo ba shi da fuska, ba shi da riga, murya kaɗai gare shi, dole ya koyi sarrafa ta. Mai wasa a dandali kuwa ba a ce masa a sake. In ya yi tuntuɓe, a gaban jama'a ya yi. Na biyu, sun zauna da mutane. Sun san yadda dillali ke rantsuwa, yadda mai unguwa ke gyaran murya, yadda tsohuwa ke habaici. Wanda bai saurari mutane ba, ba zai iya zama su ba.

To, sai bidiyo ya zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset, Ibrahim Mandawari na cikinsa. Aka yi Gimbiya Fatima, aka yi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. A nan zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa tsarana daɗi ba: ba duk tsohon abu ne zinariya ba. A fina-finan farko na bidiyo akwai wuraren da iska ke cinye magana, akwai inda za a nuna mota tana tafiya har ka gama cin tuwo ba ta isa ba. Mugu kuma dole sai ya zare ido ya yi dariyar ƙeta, kamar mugunta tana da tambari a goshi. Mu 'yan kasuwa mun sani, wanda zai cuce ka da murmushi yake zuwa, har ya tambayi lafiyar iyali. Amma duk da ƙarancin kayan aiki, akwai gaskiya a wasan nasu, domin Hausarsu tsab take, kuma gidajen da suke nunawa irin namu ne.

Sangaya ta 1999, ta su Ali Nuhu da Fati Muhammad, ita ta nuna wa masu shirya fim cewa waƙa na sayar da kaset. Ban ce fim ɗin bai yi kyau ba. Amma bayansa kowa ya bi rawa da waƙa, aka koma neman wanda ya iya juyi maimakon wanda ya iya magana. Duk da haka zamanin ya fitar da gwanaye. Hauwa Ali Dodo, wadda ta rasu a 2010, in ta yi faɗan kishiya sai matan gida su ce wance ce sak. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, wasu na raina shi don barkwanci yake yi, alhali kuwa sa mutum dariya ya fi sa shi kuka wuya. Shi ya san daidai inda zai tsaya, ya san inda zai saki kalma.

Ba zan tsallake Indiya ba, domin da su muka yi ƙuruciya. Ku tuna, ba ma jin yarensu, babu fassara, amma muna fita daga kallo kowa ya san labarin. Me ya fahimtar da mu? Wasan. A Mother India na 1957, Nargis ta fito uwar Sunil Dutt, alhali shekara ɗaya aka haife su, 1929, har ma suka yi aure a 1958. Amma ka kalli fim ɗin ka ce ba uwarsa ba ce! A Sholay na 1975, Amjad Khan ba ya bukatar ihu kullum. Takunsa a kan duwatsu da lallausar tambayarsa su ke sa cikin mutum ya ɗuri ruwa. Haka kuma fim ɗin Umar Mukhtar na Mustafa Akkad, inda Anthony Quinn, wanda ba Balarabe ba ne, ya zama tsohon malamin Libiya har ka manta da asalinsa. Yanzu an koma ɗora wa fina-finan Indiya muryar Hausa. Yara na jin daɗi, amma sun daina karanta fuska, mai fassara suke saurare.

Kada matasa su ce tsoho ya zo kushe. A'a. Na kalli Daɗin Kowa da Labarina, na ga yara masu hazaƙa, ga hoto garau, ga sauti. Abin da nake roƙo, su koma su kalli na baya kamar yadda yaron dillali ke tsayawa bayan ubangidansa yana koyon ciniki.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari. Muna zaune lafiya da Kanuri da Shuwa da Babur da Marghi, mun yi auratayya, alhamdu lillahi. 'Ya'yanmu suna jin Hausa, amma Hausar titi ce, ta saye da sayarwa. Ka jefa wa yaro karin magana ya tsaya yana kallonka. Bai san yadda ake gaida surukai ba, bai san zaurance ba, bai taɓa jin yadda ake magana a fada ba. Waɗannan tsofaffin wasanni rumbu ne na wannan harshe. Kuma rumbun yana zubewa. Zaren kaset ba ya jure zafin Borno da ƙura. Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 sun nuna mana yadda abin da aka tara shekara da shekaru ke tafiya a dare ɗaya. Shi kansa Shaihu Umar ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. In fim ɗin da gwamnati ta yi ya kusa salwanta, ina ga kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadonka?

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. Ɗaya, duk mai tsohon kaset ko faifai ya kawo wa sakatare, a rubuta sunansa, a sa yaranmu masu ilmin kwamfuta su juye shi, a mayar masa da kayansa. Wannan don ajiya ne, ba don sayarwa ba, saboda haƙƙin masu shi yana nan, kuma Allah zai tambaya. Biyu, a ware yini ɗaya a wata, bayan la'asar, a nuna wa yara wanda dattawa da malamai suka tace, maza gefe, mata gefe, a tashi kafin magariba. Uku, bayan kallo a tambayi yaran karin magana nawa suka tsinta, wanda ya fi a ba shi kyauta. Ni na ɗauki nauyin kyautar watan farko.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya, Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya shirya mana zuriya.