Ina Ungulu Ta Tafi?

  Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, sai ya buɗe littafin Ayuba sura 39, aya 26 zuwa 30, gama a nan za mu tsaya yau.

Za mu fara da tambaya ɗaya. Yaushe rabonmu da ganin ungulu? Manya a cikinmu sun san lokacin da ba a yanka sa a kwata sai ungulaye sun jeru a kan katanga suna jira. Ranar kasuwa suna nan a bayan rumfar mahauta. Jaki ya mutu a bayan gari, kafin rana ta yi tsaka sun sauka a kansa. A yau akwai garuruwa da yawa a ƙasarmu inda yaro zai gama firamare bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba, sai dai ya ji sunanta a karin magana. Ta ɓace a hankali, ba wanda ya yi makokinta, domin tsuntsuwa ce da aka rena. Kanta ba gashi, abincinta mushe, sunanta ma zagi ne a bakin mutane.

Amma mu dubi abin da Allah ya yi a wurin da muka buɗe. Ayuba ya rasa dukiya, ya rasa 'ya'ya, ya rasa lafiya, yana neman Allah ya ba shi amsa. Da Allah ya yi magana, sai ya zaga da shi cikin halitta, ya nuna masa zaki, da hankaka, da jakin jeji, da jimina, da doki. A ƙarshen sura 39 ya nuna masa wata babbar tsuntsuwa mai sheƙa a kan dutse mai tsawo, mai hangen abinci daga nesa, wadda ake samunta duk inda gawa take. Ya tambayi Ayuba ko da umarninsa ne take tashi sama. A juyinmu na Hausa mun saba jin gaggafa a wannan wuri, amma kalmar Ibrananci, wato nesher, masana da yawa suna ganin babbar ungulu take nufi, irin wadda muke kira maiki, tun da aka kwatanta ta da mai sauka a kan gawa. Ashe tsuntsuwar da muke tofar da yawu in mun gan ta, Allah ya sa ta cikin abubuwan da ya nuna wa bawansa domin ya gane girman Mahalicci.

Kuma lalle abin al'ajabi ce. A shekarar 1973 wani jirgin sama ya yi karo da maiki a sararin Abidjan, a tsawon wajen mita 11,300 daga ƙasa, inda mutum ba zai iya numfashi da kansa ba. Cikin ungulu kuwa Allah ya sa ruwa mai tsami ƙwarai, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta masu yawa da suke cikin mushe. Abin da kare ko ɓera zai ci ya kai cuta cikin gida, ungulu tana cinye shi ya ƙare a cikinta. Kanta da ba gashi, wanda muke yi wa dariya, shi ne yake sa ta tura kai cikin mushe ba tare da ƙazanta ta manne mata ba. Mun saba cewa ungulu ba ta jewar banza. Gaskiya ne, aiki take zuwa yi, aikin share gari, ba albashi, ba godiya.

Wani zai ce, "Ai Fasto, Littafin Firistoci sura 11 ya sa ungulu cikin tsuntsaye marasa tsarki." Haka ne. Amma mu lura, abin da aka hana Isra'ilawa shi ne cin namanta. Ba a umarce su su hallaka ta ba. Hankaka ma yana cikin wannan jeri, duk da haka hankaki ne Allah ya aika su kai wa annabi Iliya abinci safe da yamma a bakin rafin Kerit, kamar yadda 1 Sarakuna sura 17 ta faɗa mana. Allah bai halicci kome a banza ba. Wanda aka hana shi shiga tukunya, an ba shi wani aiki dabam.

Me yake faruwa sa'ad da wannan ma'aikaciya ta bar aiki? Ƙasar Indiya ta gani da idonta. A da ungulaye miliyoyi ne a can. Cikin shekarun 1990 suka fara mutuwa birjik, ba wanda ya san dalili. Sai a 2004 aka buga binciken da ya nuna cewa wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diclofenac, shi ne sanadi. In saniyar da aka yi wa allurar ta mutu, ungulu ta ci namanta, sai ƙodar ungulun ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007, wani iri na ungulun Indiya ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana ɓata ruwan sha, karnukan da ba su da masu su suka yi yawa, ciwon haukan kare ya sami hanya. A 2024 masana biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nahiyarmu ta Afirka hanyar ɓarnar dabam ce, amma ƙarshenta ɗaya. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa iri huɗu na ungulun Afirka cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa. Ungulun da muka sani a kwata da kasuwa tana cikinsu, maiki ma haka. Babban abin da yake kashe su guba ne. Makiyayi ya ji haushin kura ko karen da ya kashe masa dabba, sai ya barbaɗa maganin ƙwari a kan mushen, ungulaye su sauka su mutu gaba ɗaya. A ƙasar Botswana a 2019, ungulaye 537 suka mutu bayan sun ci gawar giwaye uku da mafarauta suka sa wa guba. Abu na biyu kuwa shi ne cinikin kan ungulu da sassan jikinta domin tsafi da magani. A ƙasar Gini Bisau a 2020 an sami ungulaye fiye da 2,000 matattu da guba, da yawa an sare musu kai. Nijeriya tana cikin manyan kasuwannin wannan ciniki a Afirka ta Yamma. Ga shi kuwa ungulu ƙwai ɗaya tak take yi, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin shi ma ya haihu. In an kashe goma a rana ɗaya, ba a mayar da su a shekara ɗaya.

A nan maganar ta shigo cikin ikkilisiya. Masu sayen kan ungulu suna neman sa'a a kasuwa, ko nasara a shari'a, ko sanin abin da zai faru gobe, domin an ce musu tsuntsuwar da take gani daga nesa za ta sa su ma su gani. Wannan shi ne ainihin ungulu da kan zabo. Ba za mu ce dukan masu zuwa wurin boka da dare baƙi ne ga sujadar Lahadi ba. Ɗan'uwa, in kana cikinsu, Maganar Allah a Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana duba da sihiri a fili. Tsuntsuwar da ba ta hango gubar da aka sa mata ba, yaya kanta zai hango maka gobe? Masu bi na Afisa, a Ayyukan Manzanni sura 19, sun tattara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, ko da yake kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Gobenmu tana hannun Almasihu. Wanda ya rabu da laya ya tsirar da ransa, ya kuma bar halittar Allah ta ci gaba da aikinta.

Mu tuna da aikin farko da aka ba mutum. Farawa sura 2 ta nuna an sa Adamu a gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Mulkin da aka ba mu a kan dabbobi mulkin wakili ne, kuma wakili zai ba da lissafi ga mai dukiya. Bayan ruwan tufana, alkawarin da Allah ya yi a Farawa sura 9 ya haɗa da Nuhu da kowane mai rai da ya fito daga jirgi, har da tsuntsaye. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an ce wanda ya tarar da sheƙa kada ya kwashe uwa da 'ya'ya tare, sai ya saki uwar, aka kuma haɗa wannan doka da alkawarin tsawon rai. Allah ya san in an kwashe uwa da 'ya'ya, iri ya ƙare. Ubangiji Yesu kuma ya koya mana a Luka sura 12 cewa ko ƙananan tsuntsaye da ake sayarwa da kuɗi kaɗan, Allah bai manta da ko ɗaya ba.

To, me za mu yi? Kada mu saya, kada mu sayar, kada mu yi wa kowa dillancin kan ungulu, ko ƙwanta, ko gashinta. Manoma da makiyaya, kada mu sa guba a mushe, gama ba mu san wanda zai ci ba, ko tsuntsu ne, ko karen maƙwabci. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allura, a haƙa rami mai zurfi a binne ta, a kuma nemi shawarar likitan dabbobi kafin a ba dabba magani. Dogayen itatuwa kamar rimi, da kuka, da giginya, a nan ungulu take sheƙa, in mun ga sheƙa a kai mu bar itacen ya tsaya. Malaman Makarantar Lahadi, ku koya wa yara cewa danƙo ba domin harbin kowane tsuntsu ba ne. Zumuntar Mata da matasa, ku kai maganar gida. Akwai masu wannan aiki a ƙasarmu, kamar gidauniyar kare halittu ta Nijeriya, NCF, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da take Laminga kusa da Jos. Masu bi bai kamata su zama na baya a aikin da Ubansu ya fara ba mutum ba.

Akwai kuma darasi domin zaman ikkilisiya. Manzo Bulus ya nuna a 1 Korantiyawa sura 12 cewa gaɓoɓin jiki da ake gani kamar raunana, su ne ba a iya yi sai da su. Mai share ɗakin sujada, da mai haƙa kabari, da matar da take wanke mara lafiya, ba a kiran sunansu a sanarwa. Sai ranar da babu su ake sanin nauyin da suke ɗauka. Kada mu jira sai sun tafi kafin mu girmama su.

Mu yi addu'a. Ya Uba Mahaliccin sama da ƙasa, muna gode maka domin dukan aikin hannunka, manya da ƙanana, masu kyan gani da waɗanda mutane suka rena. Ka ba mu hikima mu riƙe amanar duniyar da ka sa a hannunmu. Ka kuɓutar da waɗanda tsoron gobe ya kai su ƙofar boka, ka nuna musu cewa Almasihu ya isa. Ka albarkaci gonakinmu da garkunanmu, ka tsare garuruwanmu daga annoba. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu da rai. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.